Makaranta Ba Aji: Kwalejin Baƙar Fata a Ƙagaggun Labaran Nella Larsen da Ralph Ellison

Gabatarwa

A cikin adabin Baƙaƙen Amurka akwai ƙagaggun labarai guda biyu waɗanda manazarta sukan fara ambata idan ana zancen rayuwar malamai da ɗalibai a ƙananan kwalejojin baƙar fata na kudancin ƙasar kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko shi ne Quicksand na Nella Larsen, wanda aka buga a 1928. Ma'anar sunan ita ce rairayin nan mai haɗiye wanda ya taka shi. Na biyu shi ne Invisible Man na Ralph Ellison, watau mutumin da ba a gani, wanda ya fito a 1952, ya kuma ci babbar kyautar littafi ta ƙasar a 1953. Babu ɗaya daga cikinsu da aka gina shi kacokan a kan makaranta. A littafin Larsen makarantar ta ɗauki babobin farko ne kawai, a na Ellison kuwa daga babi na 2 zuwa na 6 cikin babi 25. Duk da haka, hoton da suka zana ya zauna daram a zukatan masu karatu, har ya kai ga mutane da yawa ba su san wata kwalejin baƙar fata ta wancan zamani ba sai wadda waɗannan marubuta biyu suka nuna musu.

Manufar wannan takarda ita ce ta duba abin da littattafan suka nuna da abin da suka rufe. Abin lura na farko shi ne, a duk shafukan da suka yi magana a kan makaranta babu inda aka shigar da mai karatu cikin aji. An kai shi ɗakin ibada da ofishin shugaba, an leƙa da shi ɗakin kwanan 'yan mata, an ma kai shi gidan giya na bayan gari, amma bai taɓa ganin malami a gaban allo yana karantarwa ba. Wannan giɓi yana da dalili ta fuskar fasaha, kuma yana da hasara ta fuskar tarihi.

Tushen al'amarin

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka kuma haramta bauta, sai ƙungiyoyin mishan na arewacin ƙasar da majami'un baƙar fata suka dinga buɗe makarantu domin 'yantattun bayi. Fisk, a birnin Nashville na Jihar Tennessee, an buɗe ta a 1866, kuma tun da wuri ta fuskanci karatun zurfi, irin su Latin da Girkanci da lissafi da falsafa. A can W. E. B. Du Bois ya gama digirinsa na farko a 1888. Tuskegee kuwa, a Jihar Alabama, Booker T. Washington ne ya buɗe ta ranar 4 ga Yuli, 1881, da ɗalibai 30 da kuɗin albashin malamai dala 2,000 a shekara daga majalisar jiha. Ita ta fuskanci sana'o'in hannu da horar da malaman karkara. Ɗalibanta ne suka buga tubali suka gina yawancin gine-ginenta na farko da hannuwansu, kuma ba ta fara karatun digiri ba sai 1927.

An sha nanata saɓanin da ke tsakanin Washington da Du Bois a kan wane irin ilmi ya dace da baƙar fata, ba sai an maimaita shi a nan ba. Abin da ya haɗa makarantun biyu ya fi abin da ya raba su muhimmanci ga wannan nazari, watau kuɗi. Babu wadda za ta iya tsayawa da kuɗin makarantar da ɗalibanta suke biya. Fisk ta tsira daga rufewa ne da ƙungiyar mawaƙanta waɗanda suka fara yawon neman taimako a 1871, har suka rera waƙoƙin bayi a gaban Sarauniya Biktoriya a 1873. Tuskegee ta dogara da attajiran arewa, irin su Andrew Carnegie wanda ya ba ta dala 600,000 a 1903. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, an ce dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne a nuna wa masu bayarwa, da kuma fararen fatar da ke kewaye da makarantar, cewa ana tarbiyyar yara masu ladabi waɗanda ba za su ta da ƙura ba. Daga nan aka sami dokoki masu tsanani a kan tufafi da fita gari da cuɗanya tsakanin maza da mata, da faretin safe, da halartar ibada dole.

Wannan tsari bai tsaya a Amurka ba. Rahotannin hukumar Phelps-Stokes, wadda ta zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921, sun yaba salon Tuskegee, sun kuma yi tasiri a kan takardar manufar ilmi da Ingila ta fitar domin ƙasashen da take mulka a Afirka a 1925. Sakataren kwamitin da ya fitar da takardar shi ne Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. Saboda haka tambayar ko wa ake karantar da yaro dominsa ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin tarihin ilmin boko a ƙasar Hausa.

Naxos ta Larsen

Larsen ta san makarantun biyu daga ciki. An haife ta a Shikago a 1891, uwarta mutuniyar Danmak, ubanta baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Ta yi shekara guda tana ɗaliba a sashen horar da malamai na Fisk daga 1907 zuwa 1908, sannan bayan ta koyi aikin jinya a Niyu Yok ta zama shugabar ma'aikatan jinya a asibitin Tuskegee a 1915, shekarar da Washington ya rasu. A 1916 ta bar wurin. Makarantar da ta ƙaga ta sa mata suna Naxos, kuma manazarta sun daɗe da lura cewa idan aka jujjuya haruffan sunan za a sami Saxon, watau ƙabilar da Turawan Ingila suke danganta kansu da ita. Habaicin ya fara tun daga suna ke nan.

Tauraruwar labarin, Helga Crane, matashiyar malamar Ingilishi ce. An buɗe labarin da ita a ɗakinta da dare, tana tuna wa'azin da wani shahararren mai wa'azi farar fata ya yi wa makarantar da rana, inda ya yaba wa mutanen Naxos saboda sun san matsayinsu ba su kuma zarce shi. A wannan dare ta yanke shawarar barin aiki. Washegari ta ƙi zuwa aji, ta tsaya tana jin uwar ɗakin kwanan 'yan mata tana yi musu tsawa cewa su daina hali irin na mutanen daji, sannan ta leƙa ta taga ta ga ɗalibai sun yi sahu suna tafiya karin kumallo da takun soja. Daga nan ta nufi ofishin sabon shugaba, Dokta Anderson.

Ƙarfin Larsen yana cikin ƙananan abubuwa, musamman abin da ya shafi mata, kuma a nan ta fi Ellison nesa ba kusa ba. Ta nuna yadda hukumar makaranta take ƙyamar tufafi masu haske, tana cusa wa mata baƙi da toka-toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, bisa da'awar cewa su ne suka dace da baƙar fata. Helga kuwa tana ganin rawaya da kore da ja su ne suke fito da kyan baƙar mace. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙorafin budurwa mai son ado, amma marubuciyar ta mai da shi ma'aunin yadda makarantar da take tutiya da kishin baƙar fata take jin kunyar jikin baƙar fata. Haka kuma ta tona wani ciwo wanda maza marubuta ba su cika taɓawa ba, watau zancen asali da dangi a tsakanin baƙar fatar da suka yi karatu. Saurayin Helga, James Vayle, ɗan babban gida ne, ita kuwa ba ta da dangin da za ta nuna. A ganawarta da Dokta Anderson saura kaɗan ya shawo kanta ta zauna, da zancen hidima ga jama'a, sai ya yi kuskuren yabon ta da cewa alamun 'yar babban gida sun bayyana a gare ta. Nan take ta gaya masa ko wane ne ubanta da uwarta, ta fice. Wannan fitowa ita ce mafi kyau a sashen, domin babu mugu a cikinta. Mutumin kirki ne ya yi yabo da zuciya ɗaya, yabon ya faɗa a kan miki.

Inda sashen ya yi rauni shi ne wajen ɗalibai. Helga tana cewa tana tausayin su, tana zargin makarantar da zama injin da yake yanka kowa bisa awo guda, amma babu ɗalibi ko ɗaya da aka ba shi suna ko murya. Daga taga aka hango su, a dunƙule. Malamar Ingilishi ce ta yi kusan shekara biyu a wurin, amma ba a faɗi littafi guda da ta karanta da su ba. Ke nan marubuciyar ta yi wa ɗaliban abin da take zargin makarantar da yi musu.

Wannan ya fi zama abin mamaki idan aka tuna abin da ya faru a tsohuwar makarantarta shekara uku kafin littafin ya fito. Shugaban Fisk na lokacin, Fayette McKenzie, farar fata ne wanda ya hau a 1915. Ya dakatar da jaridar ɗalibai, ya hana su majalisarsu, ya tsananta dokokin tufafi da na hira tsakanin maza da mata, a daidai lokacin da yake neman tara wa makarantar asusun dala miliyan 1 daga masu hannu da shuni. A watan Yuni na 1924 Du Bois ya zo bikin yaye 'yarsa, ya tsaya a gaban tsofaffin ɗalibai ya soki shugaban a fili. A watan Fabrairu na 1925 ɗalibai suka yi bore da dare, McKenzie ya kira 'yan sandan gari, fararen fata, suka shiga ɗakin kwanan maza suka kama wasu. Ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa na makonni, kuma a watan Afrilu shugaban ya yi murabus. A 1927 ɗaliban Hampton, makarantar da Washington kansa ya yi karatu, su ma suka yi nasu yajin. Yaran da suka yi wannan su ne tsaran waɗanda Helga ta hango suna taku kamar gumaka. Sahun da ta gani gaskiya ne, amma na ciki na ciki, kuma littafin bai nemi sanin abin da ke cikin ba.

Kwalejin Ellison

Ellison ya zo Tuskegee a 1933 daga Oklahoma, a ɓoye cikin taragun jirgin ƙasa na kaya saboda rashin kuɗin mota, domin ya karanci kiɗa. Ya yi shekara uku, ya tafi Niyu Yok a 1936 da niyyar neman kuɗin shekarar ƙarshe, bai kuwa koma ba. A littafinsa bai ba kwalejin suna ba, kamar yadda bai ba tauraron suna ba, amma ya bar alamun da ba su ɓuya. Mafi shahara ita ce mutum-mutumin wanda ya kafa makarantar, yana riƙe da lulluɓi a kan fuskar wani bawa da ke durƙushe. Irin wannan mutum-mutumi na Washington yana nan a Tuskegee tun 1922, an yi shi da nufin nuna yaye lulluɓin jahilci. Tauraron Ellison ya tsaya a gabansa ya kasa tantance ko yaye lulluɓin ake yi ko ƙara rufe shi. Da wannan kallo guda marubucin ya ajiye jigon sashen baki ɗaya.

Zubin sashen ya ƙunshi kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. Tauraron ɗalibi ne a shekara ta uku, an ba shi aikin tuƙa wani attajiri daga Boston, Mista Norton, ɗaya daga cikin amintattun makarantar. Cikin rashin sani ya bi da shi hanyar tsofaffin bukkokin bayi, inda suka haɗu da Jim Trueblood, wani talakan manomi da ya yi wa 'yarsa ta cikinsa ciki, wanda mutanen kwaleji suke ƙyama suke kuma son a kore shi daga yankin. Norton ya saurari labarin da wani irin kwaɗayi, ya ba shi dala 100, sannan jiri ya ɗebe shi. Neman abin farfaɗo da shi ya kai su wani gidan giya mai suna Golden Day, a ranar da aka kawo tsofaffin sojoji baƙar fata masu taɓin hankali daga asibiti. A cikinsu akwai wanda dā likita ne, akwai lauya da malami, watau irin mutanen da kwalejin take alkawarin samarwa. Wannan ma yana da tushe, domin an buɗe asibitin tsofaffin sojoji baƙar fata a Tuskegee a 1923.

Abin da ya biyo baya shi ne fitowa biyu da suka fi kowace ƙarfi. Ta farko a ɗakin ibada, inda wani baƙon mai wa'azi daga Shikago, Homer Barbee, ya kwararo tarihin wanda ya kafa makarantar da salo mai kama da kirari, ya ɗaukaka shi zuwa matsayin annabin da ya fitar da mutanensa daga bauta, har ɗalibai suka yi ta hawaye. Da ya juya zai zauna sai ya yi tuntuɓe, baƙin tabaransa ya faɗi, tauraron ya gane ashe makaho ne. Ellison bai yi wa wa'azin ba'a a cikin lafazinsa ba. Ya bar shi da cikakkiyar fasaharsa, yadda mai karatu shi ma zai ji ta a jikinsa kafin tabaran ya faɗi, kuma wannan shi ya sa zambon ya yi kaifi. Ta biyu a ofishin shugaba, Dokta Bledsoe, mutumin da tauraron ya gani da idonsa yana gyara fuskarsa a madubi kafin ya shiga wurin Norton. A ofis Bledsoe ya cire wannan fuska. Ya yi mamakin yadda yaron da aka haifa a kudu bai san cewa ƙarya ake yi wa farar fata a zauna lafiya ba, ya kuma bayyana cewa babu abin da ba zai sadaukar ba, har da rayukan 'yan'uwansa, domin ya riƙe kujerarsa. Ya sallami yaron da wasiƙu 7 a liƙe zuwa ga manyan mutane a Niyu Yok, waɗanda daga baya aka gano umarni ne cewa a yi ta yi masa romon baka kada a taimake shi.

Ta fuskar fasaha babu abin cewa. Amma Bledsoe ya zama hoton da ake auna kowane shugaban kwalejin baƙar fata da shi, kuma a nan ya kamata a yi hattara. Fuska biyu ta shugabannin nan gaskiya ce, sai dai ba kullum domin cikinsu suke yin ta ba. Bayan rasuwar Washington masana tarihi sun gano a takardunsa cewa mutumin da yake lallashin fararen fata a bainar jama'a yana biyan kuɗin lauyoyi a asirce domin a ƙalubalanci dokokin da suka hana baƙar fata jefa ƙuri'a a Alabama. Magajinsa, Robert Moton, wanda yake kan kujera lokacin da Ellison ya zo, ya fuskanci barazanar kisa a 1923 a kan maganar a ɗauki likitoci baƙar fata a asibitin sojojin nan, har 'yan Ku Klux Klan suka yi jerin gwano a garin, kuma daga ƙarshe likitoci baƙar fata ne suka riƙe asibitin. Bledsoe ba shi da irin wannan ɗaki na ɓoye. Duk abin da ke bayan fuskarsa son mulki ne tsagwaronsa.

Ta wani gefen kuma, tarihi ya gaskata Ellison fiye da yadda shi kansa ya sani a 1952. Tun 1932 Hukumar Lafiya ta Amurka, tare da haɗin kan makarantar da asibitinta, watau inda Larsen ta taɓa aiki, ta fara wani bincike a kan talakawan manoma baƙar fata 600 na yankin, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, aka bar su ba magani domin a ga yadda cutar take cin jiki. Ba a daina ba sai da jaridu suka tona asirin a 1972. Tazarar da littafin ya nuna tsakanin mutanen kan tudu masu karatu da irin su Trueblood na cikin bukkoki ta wuce ƙirƙirar marubuci.

Abin da aka bari a waje

A cikin shekaru ukun da tauraron Ellison ya yi a kwaleji, ba a nuna shi yana karanta littafi ba. Sau ɗaya tak aka ji ɗuriyar aji, can a babi na 16, bayan ya daɗe da barin makarantar, inda ya tuna wani malamin adabi mai suna Woodridge yana kai da kawowa a gaban allo yana sharhi a kan James Joyce. Tunawar ba ta wuce 'yan layuka ba, kuma tauraron da kansa ya yi mamakin daga ina ta zo.

Rayuwar Ellison ta ainihi a Tuskegee ta bambanta da haka ƙwarai, kuma shi da kansa ya faɗa a rubuce-rubucensa na baya. Shugaban sashen kiɗa da ya koyar da shi, William Dawson, ya tsara wani babban kiɗa wanda ƙungiyar makaɗa ta Philadelphia ta gabatar a 1934, Ellison yana ɗalibi. Malamar fiyano, Hazel Harrison, ta yi karatu a Berlin a hannun Ferruccio Busoni, kuma shekaru arba'in bayan haka Ellison ya gina wata doguwar maƙala a kan nasihar da ta taɓa yi masa. Ya yi aiki a laburaren makarantar, a can ya ci karo da waƙar T. S. Eliot mai suna The Waste Land a 1935, wadda ya ce ita ta fara karkato da shi daga kiɗa zuwa rubutu. Littafin maƙalunsa na 1964, Shadow and Act, ya sadaukar da shi ne ga malaminsa na Ingilishi a Tuskegee, Morteza Sprague. Sa'ad da mai sharhi Irving Howe ya yi rubutu a 1963 yana ɗaukar rayuwar baƙar fata a kudu tamkar wahala ce zalla, Ellison ya mayar masa da martani da cewa a wannan lungu na Alabama ya karanta Marx da Freud da Hemingway. Wanda ya kare laburaren a gaban Howe shi ne dai wanda ya cire shi daga ƙagaggen labarinsa.

Dalilin cirewar a fili yake. Littafin yana bukatar tauraro mai rufaffen ido, wanda zai yi ta faɗawa hannun masu amfani da shi har ƙarshe. Yaron da ya karanta Marx da Freud a laburare ba zai karɓi wasiƙu 7 a liƙe ya yi godiya ba. Da an buɗe ƙofar aji, da zambon ya saki. Haka ma Larsen, tana bukatar Naxos ta zama kurkuku na farko a jerin wuraren da Helga za ta gudu daga cikinsu, kuma ɗaliba guda mai kaifin basira da za ta riƙe zuciyar malamar ta isa ta ɓata wannan tsari. Marubuci yana da ikon zaɓen abin da zai nuna. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki zaɓinsa a matsayin shaida.

An kuwa ɗauka. A 1967 wasu masana biyu na Harvard, Christopher Jencks da David Riesman, suka buga maƙala a kan kwalejojin baƙar fata inda suka yanke wa mafi yawansu hukuncin cewa kufai ne ta fuskar ilmi, shugabanninsu kuma 'yan kama-karya, abin da ya jawo martani mai zafi daga shugabannin makarantun. Irin wannan hukunci ba ya iya bayyana abin da ya faru shekara bakwai kafin a rubuta shi. Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu na kwalejin baƙar fata ta Greensboro suka zauna a teburin cin abinci na fararen fata suka ƙi tashi. Ɗaliban Fisk, cikinsu har da Diane Nash, suna cikin jagororin irin wannan zama a Nashville, kuma a Jami'ar Shaw aka kafa ƙungiyar ɗaliban da ta ja ragamar gwagwarmayar a watan Afrilu na shekarar. Kafin su, a ƙaramar kwalejin Wiley ta Texas, mawaƙi Melvin Tolson ya horar da ƙungiyar muhawara wadda ta kayar da Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1935, kuma cikin yaransa akwai James Farmer wanda ya shiga cikin kafa ƙungiyar CORE a 1942. Duk waɗannan sun yi sahu sun tafi ɗakin ibada kamar yadda littattafan suka nuna. Wurin da aka koya musu gardama da hujja shi ne wurin da littattafan ba su shiga ba. Masanin tarihi Jelani Favors, a littafinsa na 2019, ya kira wannan manhaja ta biyu, watau abin da malamai suke shukawa a aji da ƙungiyoyin ɗalibai ba tare da an rubuta shi a takardar da ake nuna wa amintattu ba.

Mai son ganin ɗaya ɓangaren a cikin adabi sai ya nemi Albert Murray, wanda ya shiga Tuskegee a 1935, shekara biyu bayan Ellison. Ƙagaggen labarinsa na 1991, The Spyglass Tree, yana faruwa ne a irin wannan kwaleji a irin wannan zamani, amma cike yake da malamai da jerin littattafai da abokin ɗaki mai yawan karatu da hirar dare. Bai kai Invisible Man ƙarfi ba, domin ƙauna ta yi masa yawa, kuma tauraronsa ba ya cin karo da abin da zai girgiza shi sosai. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa mutum biyu sun zauna a wuri guda, a hannun malamai guda, kowa ya fito da makarantarsa. Murray ya ba da labarin cewa tun kafin su saba da Ellison ya san shi ta hanyar katin aron littafi na laburare: sau da yawa idan ya ɗauko littafin da ba ya cikin manhaja, sai ya tarar da sunan Ellison a rubuce a jerin waɗanda suka riga shi ara.